Alƙali Ba Ya Ƙirga Rabin Guga

Baba ya rasu ya bar abu ɗaya tak da ya ƙera da hannunsa, kuma Saude ya ba, ba ni ba. Ni ce babba. Ni ce na ja igiyar da abin yake ƙirgawa har tafin hannuna ya tsage. Ita Saude, ƙanwata, zama take yi a inuwa tana karanta lamba. Ba zan yi wa maganar kwalliya ba: ina kishin ƙanwata, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, a kan wani akwatin katako da bai fi rediyo girma ba. Wanda zai ce in ji kunya ya fara zuwa ya ga hannuna.

Azumin bana ne ya tayar da maganar. Ya faɗo a tsakiyar zafi, irin zafin Makka da duwatsu ke haɗiyewa da rana su amayar bayan magariba. A Tandabawi nake zaune, can saman tudu inda mota ba ta hawa. A makon farko ruwan famfo ya ɗauke mana. Motar ruwa, wadda a nan muke ce wa wayit, sai dai ta tsaya a ƙasa kowa ya sauko da jarkarsa. Na cika tawa na kama hawa, maƙogwarona kamar an zuba masa toka, hannun jarkar yana cin yatsuna. A tsakiyar matakala na tsaya in huta, sai na ji kunnena yana jiran wani sauti. Ƙwas. Na daɗe a tsaye kafin na gane abin da nake jira. Azumi dai zagayawa yake yi, bayan shekara talatin da 'yan kai sai ya dawo ya sami mutum a irin lokacin da ya taɓa samunsa. Wannan zafin na san shi. A Sudan na san shi, ina budurwa.

Babanmu, Malam Sani, mutumin ƙasar Katsina ne. Ya taso Hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a gabashin Sudan, wajen Gadarif, kamar yadda ya ƙare wa mutane da yawa kafinsa. Shi da wasu magidanta huɗu suka sami wani daji a bakin korama, suka sare, suka kafa bukkoki, suka shuka dawa da riɗi. A nan aka haife mu. Manomi ne, amma hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ko guntun waya ya gani a hanya sai ya sa aljihu. Inna takan ce, "Ubanku ko kaza ba ta kai shi tsince-tsince ba."

A shekarar da nake magana, damina biyu a jere sun yi mana ƙarya. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, mu ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa, mu fitar da tukwane, sai iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu. Dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe a tsaye. Ƙasar can baƙa ce, idan ta bushe darewa take yi har ƙafar akuya ta maƙale a ciki. Rumbu ya yi ƙasa har Inna ta fara shiga da tsintsiya. Korama ta ƙafe. Abin da ya rage rijiya ɗaya ce da mazan suka haƙa a cikin yashinta, ita ce ta gida biyar, da awakinmu, da 'yan kunyoyin albasa da kowa ya kafa a gefe don kada a rasa abin kai wa kasuwa. A haka aka ga watan azumi.

Rijiyar tsatsowa take yi a hankali. Idan gida ɗaya ya zari da yawa, na bayansa sai laka. Aka zauna aka yanka wa kowane gida adadin gugansa. To, wa zai ƙirga? Kowa ya ƙirga nasa, kuma mai ƙishirwa lissafinsa ba ya tafiya da sauri. Wata maƙwabciyarmu, Goggo Asabe, idan ta kai bakwai sai ta tsaya gaisawa da mutane, ta dawo ta ɗora daga biyar. Aka gwada jefa tsakuwa a ƙwarya, sai tsakuwar ta riƙa komawa ƙasa ba a san wanda ya mayar da ita ba. Ranar da mata biyu suka kama kokawa a bakin rijiyar, da azumi a bakinsu, har ɗaya ta kusa faɗawa, Baba ya dawo gida. Ya zazzage buhun tsince-tsincensa a tsakar gida, ya aike ni in saro masa reshen aduwa mai kauri. Kwanaki yana sassaƙa, yana ɓatawa, yana jefarwa, yana sakewa. Inna ta tattara waɗanda ya jefar ta dafa mana kunu da su.

Ga yadda abin yake, don na san shi kamar yadda na san haƙoran bakina.

Ya kafa ginshiƙi dogo a bakin rijiyar, ya ɗaure gindin wata gora mai kauri tam, ya bar bakinta ya miƙe a kan ramin. A bakin gorar ya rataya gargaren da igiyar guga ke bi ta kansa. Idan guga ya cika, nauyinsa sai ya sunkuyar da gorar. Daga bakin gorar ya ɗaura waya, ta hau ta bi ta kan wata ƙugiya a ƙololuwar ginshiƙin, ta gangaro ta shiga akwatin da ya kafe a ƙasa.

A cikin akwatin faifai biyu ne na icen aduwa. Kowanne da haƙora goma, ba a tsaye suke ba, a kishingiɗe suke gefe ɗaya kamar haƙoran zarto. Wayar tana ɗaure da wani siririn ƙarfe da ya zare daga tsohuwar laima, shi ya kira harshe. Gora ta sunkuya, waya ta ja harshe, harshe ya kama haƙori ɗaya ya juya faifai. Ƙwas. An sauke guga, gora ta miƙe, wata 'yar robar tayar keke ta jawo harshe baya, ya zame ta kan haƙori na gaba ya zauna yana jira. Don kada faifan ya biyo harshe ya koma, akwai wani ɗan ƙarfen a ƙasa da yake faɗawa tsakanin haƙora ya tokare. Shi Baba ya sa wa suna mai gadi. Gaba ake yi, ba a baya.

Faifai na farko yana da ƙusa ɗaya da ta leƙo a gefensa. Sai ya yi zagaye cikakke, guga goma ke nan, ƙusar take isowa ta ture faifai na biyu haƙori ɗaya. Sautin wannan daban ne, ƙwas-ƙwaras, kamar an taka busasshen kara. Daidai kowane haƙori ya ƙona lamba da ƙusa mai zafi, irin lambobin Larabci, sannan ya huda taga biyu a fuskar akwatin, kowace taga lamba ɗaya take nunawa. Ta dama ɗaiɗai, ta hagu gomomi. Gida zai fara ja a duba taga, ya kai adadinsa ya ba na baya wuri.

Amma abin da Baba ya fi alfahari da shi gorar ce. Ya yi ta kankare ta yana gwadawa har ta kai sai cikakken guga ne yake sunkuyar da ita yadda harshe zai tura haƙori ya wuce mai gadi. Rabin guga yakan motsa ta, faifai ya ɗan yunƙura, ya koma mazauninsa. Ya ce ba adalci ba ne a lissafa wa gida guga alhali rabi ya samu. Masu wayo sun so su riƙa jan rabi-rabi da gangan, amma mai azumi da rana a kansa ba ya son jan igiya sau biyu a kan abin da zai ja sau ɗaya, ga kuma idanun 'yan layi. Ranar da aka kafa shi mutane suka taru. Goggo Asabe ta ja guga, abin ya ce ƙwas, ta saki igiya ta yi baya tana salati. Wani dattijo ya ce, "Malam Sani, ai alƙali ka kawo mana." Sunan ya bi shi.

Faɗa ya mutu a bakin rijiya. Wannan gaskiya ne, ba zan hana Baba ba.

Sai dai lamba sai an karanta ta, kuma a cikin matan gidajen nan biyar Saude ce kaɗai ta san lamba. Tun tana ƙarama ƙirjinta ke ciwo, ƙura kaɗan sai ta kama huci kamar zugazugi, shi ya sa aka cire ta daga aikin gona aka sa ta makarantar ƙauyen gaba. Ni lafiyata ce ta cuce ni. Mai ƙarfi ba makaranta ake kai ta ba, rijiya ake kai ta. Aka yi wa Saude 'yar rumfa a gaban akwatin, aka shimfiɗa mata buhu. Ni wurina ta baya, inda igiya take. Ta nan akwatin a buɗe yake, ina ja ina kallon harshe da mai gadi suna aikinsu. Cikinsa nawa ne. Fuskar ta Saude ce.

Mukan yi sahur da kunun dawa ruwa-ruwa, ranar sa'a da ɗan tuwon jiya da aka jiƙa. Ana idar da asuba Baba ya ɗauki magirbi ya bi mazan can ƙasan korama, inda suke haƙa wata rijiyar da har suka gaji ba ta ba da ruwa ba. Ba ya dawowa sai la'asar sakaliya. Inna tana da goyo, nononta ya ja baya, ba ta iya nisa. Ni ke ɗaukar tuluna in tafi. Kafin layinmu ya zo rana ta ɗaga. Igiyar ta kaba ce, idan ta jiƙe ta kwaso yashi sai ta koma kamar magagari. In ja in juye a tulu, in ja in juye wa awaki, in ja in kai wa albasa. Ruwa yana bin damtsena, yana zuba a ƙafata, ƙamshinsa na laka mai sanyi yana shiga hancina, ni kuwa ko ɗigo ba zan kai baki ba. Wanda bai ja ruwa da azumi ba labarin ƙishirwa ya ji. Da azahar in shige ƙarƙashin rumbu in kwanta, in ɗora jiƙaƙƙen zane a ciki, kaji suna gefena baki buɗe. La'asar in tashi in daka dawar da Inna ta auna da tafin hannu. Mu jiƙa 'ya'yan aduwa, ruwansu mai zaƙi da ɗaci a ƙarshe, shi ne abin buɗa bakinmu.

Kwanakin farko har son sautin nake yi. Ƙwas ɗin nan kamar wani ne yake ce mini, na gani.

Sai rijiyar ta fara ja da baya. Bayan tsakiyar wata, guga ya sauka ka ji ya daki ƙasa, tim, babu fantsama. Ka girgiza igiya, ka jira, ka jawo rabi, rabin ma da laka. Gora ta ɗan sunkuya, harshe ya taɓa haƙori, faifai ya yunƙura kamar zai tafi, ya koma. Shiru. In sake. Shiru. Tun hantsi har rana ta take tsaka ina ja, Alƙali bai yi magana ba sai jefi-jefi. Sauran duk a wurinsa ban yi ba. Abin da na kai gida kuwa in an bar shi ya kwanta, ruwan da ke sama bai taka kara ya karya ba.

Da yamma Baba ya dawo, jikinsa fari fat da ƙura, leɓensa a tsage. Ba ni yake tambaya ba. Saude yake kira.

"Malama, me Alƙali ya ce wa gidanmu yau?"

Ta faɗa da 'yar muryarta, daidai yadda ta gani.

Ya dafa kanta. "Allah ya yi miki albarka." Sannan ya juyo ya dube ni, da girmana da faɗin kafaɗata. "Dije, shi ke nan?"

Bai zage ni ba, bai ɗaga mini hannu ba. Shi ke nan ɗin ce kawai, kullum, har watan ya ƙare. Shi ya kankare gorar da hannunsa, ya san rabi ba ya shiga lissafi. Amma gajiya da yunwa da son abin da ya ƙera sun sa idan lamba ta yi magana ba ya jin ta kowa. Sau ɗaya na buɗe baki na ce, "Baba, rijiyar ce." Ya ce, "Kowa ma rijiyar yake ja." Na kai wa Inna hannuna, ta shafa mini man riɗi, ta ce a hankali, "Ki bar shi, shi ma inda yake haƙa bai samu ba." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Albarka ta Saude, shi ke nan tawa.

Ruwa bai sauko ba sai bayan ƙaramar salla. Da rana tsaka wata iska mai sanyi ta taso, awaki suka kama kuka, ɗigon farko manya-manya suna faɗuwa a ƙura suna tayar da hayaƙi. Tsagar ƙasa ta sha, ta sha, kafin ta rufe baki. Muka tsaya a waje, kai a sama, har Inna da goyonta. Da korama ta kawo, ta binne rijiyar da yashi ta tafi da gorar. Baba ya shiga ruwa iya ƙugu ya ɓalle akwatinsa ya fito da shi a ka. Daminar ta zo a makare, ba ta mayar da abin da aka rasa ba. Ba a daɗe ba ya sayar da abin da ya rage, ya ce Hajjin da ya fito yi tun yana saurayi zai ƙarasa. Muka haye teku. An bar turmi, an bar gado, amma Alƙali yana naɗe cikin bargo.

A ɗakina ya yi jinyar ƙarshe, nan Tandabawi, bayan Inna ta riga shi. Ni ke juya shi, ni ke wanke masa kaya. Ranar da ya ji jikin ya yi nauyi ya ce a kira masa Saude. Ya sa ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kununsa. Ta fita da shi a hammata. Na kai masa kununsa, ba a faɗa a kan mara lafiya.

Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin manyan mata a unguwa. Nan na fara ganin fuskar lambobin da na daɗe ina jin sautinsu: bakwai ta buɗe baki sama kamar mai roƙon ruwa, takwas ta kife. Rubutun bokon da nake rubuta wannan da shi kuwa matar wani ɗalibi Bakano ce ta koya mini, ina ba ta ƙosai tana ba ni baƙi. Ranar da na iya karanta lamba biyu a jere ban yi murna ba, haushi na ji. Ashe abin da aka yi ta sa wa albarka ke nan? Abin da tsohuwa ta koya tsakanin wanki da girki?

Juma'ar da ta wuce Saude ta aiko a ɗauko ni in sha ruwa a gidanta a unguwar Shisha. Gidan bene ne, na'urar sanyi tana hurawa har sai ka nemi mayafi, famfo kuwa duk wanda ka murɗa ya amsa. An jera kayan buɗa baki irin na Larabawa, sambusa da romon shurba da abin shan da ake kira subiya, ga kunun tsamiya a gefe don kada a ce an manta gida. Ɗanta Faisal ya zo daga Riyad da matarsa. Hausar Faisal ba ta wuce gaisuwa ba. Alƙali yana inda yake kullum, cikin kabad ɗin gilashi tsakanin kofunan baƙi, an shafe shi da mai yana ƙyalli kamar ango.

Da muka sha ruwa muka yi salla, Faisal ya buɗe kabad ya ɗauko shi don matarsa ta gani. Saude ta kama bayani, Larabci tana yayyafa Hausa inda Larabcin ya gaza. Na kasa kunne ina jiran ta yi kuskure. Wallahi jira nake. Ba ta yi ba. Harshe, mai gadi, ƙusar gomomi, duk ta kawo daidai, har robar da ta ce ita kaɗai aka taɓa sauyawa. Ta ja guntun wayar da yatsa, abin ya ce ƙwas.

"Abin mamakin kuma," in ji ta, "ba ya ƙirga rabin guga. Sai cikakke."

"Masha Allah," in ji matar Faisal.

Na ajiye kofina. "Rabin kuma wa ya ja?"

"Na'am, Yaya?"

"Na ce rabin gugan da ba ya ƙirgawa, aljanu ne suke jawowa?"

Saude ta yi 'yar dariya. "Yaya Dije, an sha ruwa fa. Ci sambusa."

"Na ci. Tambaya na yi."

"Ke kika ja mana. Wa ya ce ba ke ba ce?"

"Ba wanda ya ce ba ni ba ce. Ba kuma wanda ya ce ni ce."

Faisal ya tambayi uwarsa da Larabci me ya sami Hala, wato 'yar'uwar uwa, haka yake kirana. Ta ce masa ba komai. Sannan, don ta sauya magana, ta ce ai bayan salla Faisal zai tafi da Alƙali Riyad, har ya gyara masa wuri a ɗakin baƙinsa.

Na ji kamar an fizge igiya daga hannuna. Shekaru ina zuwa gidan nan ina satar kallonsa ta gilashi, ina ce wa kaina ai yana Makka, taksi ɗaya ne tsakaninmu. Riyad kuwa ban taɓa zuwa ba, kuma ban ga abin da zai kai ni ba.

"Ba ni shi," na ce, ban yi kwana-kwana ba. "Kin riƙe rabonki. Ki ba ni in riƙe, in na mutu Faisal ya zo ya ɗauka."

"Yaya, amana ce."

"Amanar me? Katako ne da waya."

"To in katako ne da waya, me ya tsone miki ido?"

"Ke lamba kika sani, ni na san nauyi. Kin taɓa jan guga ɗaya a rijiyar nan?"

"Ban taɓa ba. Ke kin taɓa zama kina neman numfashi kamar kifi a yashi, kina kallon 'yar'uwarki tana gudu?" in ji ta. "Abin da na gani a taga shi na faɗa. So kike in yi wa Baba ƙarya?"

"Da kin ce masa, Baba, Yaya tun safe take ja. Bakinki zai yage?"

Ta riƙa juya kofi. "Yarinya ce ni lokacin. An ce in karanta, na karanta." Can ta ɗago. "Kin san abin da ya ce mini ranar da ya ba ni?"

"Ba a kira ni ba, ina zan sani?"

"Cewa ya yi, ki tafi da shi gidanki, kada ki bar shi a nan. Yayarki ba ta ƙaunar ganinsa, kuma tana da gaskiya. In na mutu murhu za ta sa shi."

Na ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Tun rasuwarsa sai yau kike faɗa mini?"

"Kin taɓa tambaya? Kullum kika zo sai harara, ni da kabad."

Saude tana da gaskiya, ban taɓa tambaya ba. Ashe ya sani. Ashe ya faɗa. Ina tsaye a bakin ƙofa da kununsa, hannu kawai zai miƙa ya taɓa ni, maganar da nake jira tun ina budurwa ya furta ta, amma a kunnen Saude ya zuba. Akwatin nata, albarkar tata, har gaskiyar tawa ita aka ba ajiya. Mutane za su ce ya kamata zuciyata ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Murhu kuwa ban sani ba. Wataƙila a shekarar da ya rasu da na sa shi. Wataƙila da na rungume shi. Ba a ba ni ba balle a gani.

"To yanzu da na ce miki ba zan ƙona ba fa?"

"Na riga na yi wa Faisal alkawari, Yaya. Shi ma jikan Baba ne. Zai ɗauki hotonsa ya turo miki a waya."

Hoto. Na miƙa hannu na ce a ba ni in riƙe. Faisal ya dubi uwarsa, ta gyaɗa kai. Na juya shi ta baya, gefen da na sani. Na ɗora tafin hannuna a kan faifai na ga inda ya tsaya. Na bi kwanciyar haƙoran da yatsa, na duba inda ƙusar take, da tazarar da ke tsakanin harshe da mai gadi. Saude ta zaci bankwana nake yi, har ta fara share ido da gefen mayafi. Na miƙa mata abinta, na ce Faisal ya mayar da ni gida.

Washegari da na idar da asuba ban koma barci ba. Na ciro tsohuwar laimar da nake fita da ita lokacin aikin Hajji, na zare mata ƙarfe. Na yanko roba daga wata tayar keke da aka yasar a lungunmu. Rana na fitowa na sauka tudu zuwa shagon Malam Idi kafinta, mutumin Chadi, wanda da azumi da sassafe yake aikinsa kafin rufin kwanon ya gasa shi.

"Hajiya Dije, lafiya da farar safiya? Ƙofar ce ta sake ɓallewa?"

"Katako nake so mai tauri, wanda ba ya tsagewa. Ka yanka mini faifai, faɗin tafin hannuna. Ka ara mini ƙaramin zarto. Haƙoran ni zan fitar, lambobin ma ni zan ƙona."

"Faifai mai haƙora? Injin me za ki haɗa?"

"Alƙali."

Ya dube ni, ya dubi ƙarfen laima da robar da ke hannuna. "Hajiya, ko azumin ne ya fara taɓa ki?"

"Ya taɓa ni tun kafin a haife ka. Yanka."

Ya jawo katako, na ɗora hannuna a kai, ya zagaye shi da fensir. "Guda nawa?"

"Uku," na ce. "Na Saude biyu ne."